Waiwaye: Abin da Jakara Ta Koya Mana Game da Shimfiɗa Titi a Bakin Fadama

A watan Janairun 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo Kano ta hanyar Borno. Cikin abubuwan da suka tsaya masa a rai akwai wani makeken dausayi da ya kusan raba birnin gida biyu, ga agwagin ruwa suna iyo a cikinsa, ga kuma kududdufai birjik a unguwanni, inda aka haƙi ƙasar gini. Ya lura cewa kasuwar birni, wato Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, tana zaune ne a kan wani siririn tudu tsakanin ruwa da ruwa, kuma da damina ruwa kan shanye wurin. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya zo ya tarar da abin yadda yake. Wannan dausayi shi ne Jakara.

Mutanen da suka gina Kano ba su da takardar zane, amma sun yi wani rabo da ya riƙe birnin shekaru aru-aru. Tudu na mutane, kwari na ruwa. Duk unguwar da ta tashi, daga gefenta ake haƙo ƙasar da za a gina ta, don haka gida da kududdufinsa rana ɗaya ake haihuwarsu. In an yi ruwan sama, ya sauko ta indararo ya bi lungu, ya faɗa kududdufi ya kwana. Sai wannan ya cika sannan ya tumbatsa zuwa na gaba, a hankali har ya isa Jakara, ta fita da shi bayan ganuwa, ta ratsa Fagge da gefen Sabon Gari, ta haɗu da Getsi, ta nufi ƙasar Minjibir, inda daga baya aka tare ta da madatsar Wasai a shekarun 1970. Amfanin wannan tsari shi ne jinkiri. Ruwan awa ɗaya sai ya ɗauki kwanaki kafin ya gama ficewa, wani kason kuma ya nutse ƙasa ya ciyar da rijiyoyin cikin gida.

Kududdufi yana da nasa sharrin, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san shi. Matattarar sauro ce, yara suna kwasar tsargiya a ciki, kusan kowace damina sai an ji yaro ya nutse, ga shara da ake jibgewa. Saboda haka da ƙasa ta fara tsada aka shiga cike su, mutane da yawa gani suka yi an rabu da ƙaya. Da fari a zuba shara, sannan a bi da jar ƙasa, kafin a ankara shaguna sun tsaya. Waɗanda suka san titin BUK a da sun san jerin kududdufan da ke bin gindin badala, sun kuma san abin da ke wurin yanzu. An kawar da ramin, amma babu wanda ya tanadi inda ruwan da ke kwana a cikinsa zai koma. Sai ya koma kan titi, duk a lokaci guda. A daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na miliyoyin naira, kuma abin da ya fito daga bakin 'yan kasuwa da na hukuma iri ɗaya ne: an yi gini a kan hanyar ruwa.

Ita kanta Jakara, a zangon mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin ɗaure ta cikin kankare da shimfiɗa titi a bisanta, daga Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju. Manufar a fili take: a rufe wari da ƙazanta, a kori ɓata-garin da suka mai da kwarin mafaka, a buɗe hanyar mota a tsakiyar birnin da lungunansa ba su da faɗi. Aikin bai kammala a lokacin ba, ya kuma daɗe a tsaye. To amma ko an gama shi tsaf, akwai abin da kankare ba zai iya ba. Magudanar kankare kora ruwa take yi, ba ta riƙe shi. Abin da ta ɗauke daga wannan unguwa da gudu take kai wa ta ƙasa da ita. Rufaffiyar magudana kuma, in yashi da leda suka cika ta, ido ba ya gani sai ranar da ta yi amai. A tsakiyar birni da ya riga ya cushe, wataƙila babu wata mafitar da ta wuce wannan. Amma wanda yake yanka sabuwar unguwa a yau ba shi da wannan uzuri, domin filinsa yana nan a buɗe, zaɓi kuma yana hannunsa.

Dalilin wannan waiwaye ke nan. Garuruwanmu suna ta faɗaɗa, tudu ya ƙare ko ya fi ƙarfin talaka, filin da ya rage mai araha shi ne na bakin fadama. A Kano za ka gan shi ta wajen Challawa da Kumbotso da Tamburawa. A Sakkwato fadamar Rima ce, a Maraɗi bakin Gulbi, a Yamai kwarin Gounti Yéna da gaɓar kogin Neja. Hatta Abuja mai taswira ba ta tsira ba: a watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje fiye da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe, kuma ba shi ne karon farko ba. Dillali yana kai mai saye da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ta tsattsage, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka hamsin da ɗari. Abin da ya yi saura bayan an gama ƙirga fulotai shi ake kira titi, abin da ya yi saura daga titi shi ake kira lambatu.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne yawancinmu muke raina ruwa. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. In aka yi ruwan sama na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano cikin watan Agusta, lita 500,000 ce ta sauka a kan wannan hekta. Tankar mai tana ɗaukar lita 33,000, wato kimanin tanka 15 ke nan. Unguwa mai hekta 20 ta karɓi kusan tanka 300 cikin 'yan awoyi. Lokacin da wurin yake gona mai rairayi, ƙasa kan shanye mafi yawansa, ɗan kaɗan ne ke gangarawa. Da zarar an rufe shi da kwano da siminti da kwalta, sai lissafin ya juya, kusan kashi takwas cikin goma ya tashi neman hanya. Hanyar farko da zai samu ita ce titi. Don haka duk wanda ya zana titi, ko ya sani ko bai sani ba, ya zana wa ruwa hanya.

Na taɓa kasancewa cikin masu awo a wani aiki da ya nuna mini yadda ake warware irin wannan matsala. Wani attajiri ne ya sayi doguwar gona siririya a bayan gari, tsohuwar hanya ta tokare ta daga gabas, fadama mai lambuna ta tokare ta daga yamma. Bayan an fitar da fulotai, mita 12 kacal ta rage wa babban titin unguwar. Shi kuwa yana son kwalta mai faɗin mita 7.3, irin awon manyan hanyoyin tarayya, da wurin ajiye motoci, da fulotai a kowane gefe. Shawararsa ita ce a kawo tifofin ƙasa a ciko fadamar a ƙara faɗi.

Injiniyan da ke jagorantar aikin dattijo ne marar yawan magana. Kafin ya ce komai sai ya gangara lambu ya sami wani tsoho yana ban ruwa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, in damina ta yi damina, ina ruwan nan yake kaiwa?"

Tsohon ya nuna wata giyayya da ke can sama da inda muka kafa turaku. "Ɗana, ka ga bishiyar can? A shekarar da aka yi babban ruwa, a gindinta muka ɗaure kwalekwale. Duba jikinta, alamar tana nan."

Muka auna alamar, sai ga ta ta ɗara tsayin da aka yi niyyar ba titin. Da aka koma wurin mai fili, ya ce, "Injiniya, fulotai nawa kake so in yi asara?" Dattijon ya amsa, "Ranka ya daɗe, layi ɗaya za ka rasa yanzu. In muka ciko fadamar nan, ruwan da ke kwana a cikinta gidajen da ka sayar zai je ya kwana, kuma ƙofarka masu su za su zo."

Ga yadda aka raba mita 12 ɗin a ƙarshe. Kwalta ta samu mita 6, hannu biyu masu mita 3 kowanne. Wannan ya ishi mota da mota su wuce juna, ya ishi motar kashe gobara da tifa, kuma matsatsin da kansa yana sa direba ya sassauta, abin da ake so ke nan a unguwar da yara ke tsallaka titi zuwa makarantar allo. Ta gefen gidaje aka bar mita 2 ga masu tafiya a ƙasa. Sauran mita 4 ta gefen fadama aka bar wa ruwa: aka yi wani kwari mai faɗi marar zurfi, ba a zuba masa kankare ba, aka dasa jema a bakinsa saboda saiwarta tana nutsawa ta riƙe ƙasa. Aka ɗan karkata fuskar titin gaba ɗaya zuwa wannan gefe, yadda ruwan da ya sauka a kan kwalta zai gangara cikin ciyawa, ya rage gudu, ya sauke yashi da dattin da ya ɗebo, wani ya nutse, ragowar ya isa fadama a tace.

Abin da ya fi burge ni shi ne shawarar a yi gidaje a gefe ɗaya kawai, suna fuskantar fadamar. Wannan ba don ado ba ne. Duk inda gidaje suka juya wa ruwa baya, nan ake buɗe bututun masai, nan ake zubar da shara, nan kowa ke matsa katangarsa taku ɗaya duk shekara har kwarin ya ɓace. Tarihin Jakara ke nan a taƙaice. In kuwa titi ne ya raba gida da fadama, iyakar tana gaban idon kowa, mai son ya ci ta sai ya yi a bainar jama'a.

Daga wannan aiki, da abin da ya faru da birnin Kano, ka'ida ɗaya nake so ta zauna a zuciyar mai karatu: in fili ya yi ƙunci, a rage wa kwalta, kada a rage wa ruwa. Mota tana iya sassautawa, tana iya jira, tana iya zagayawa. Ruwa ba ya yin ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Bayan rabon faɗi sai maganar tsayi, wadda ita ce ta fi jefa talakawa cikin wahala. Tsarin da ya dace hawa uku ne: fadama a ƙasa, titi a sama da iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, daɓen gida kuma a sama da titi da aƙalla bulo biyu. A unguwanninmu sau da yawa akasin haka ake yi. Mutane su gina gidajensu shekara da shekaru babu titi, sannan ɗan kwangila ya zo ya zuba ciko ya ɗaga hanya har ta kai rabin ƙofa. Ranar buɗe titi ana murna, ruwan farko kuma ya sauka a tsakar gida. Maganin wannan shi ne a fitar da tsayin titi, a kafa alamarsa a jikin turaku, kafin a bar kowa ya haƙa harsashi. Tun ran gini, tun ran zane.

Sai kuma inda titi zai tsallaka ruwa. Duk hanyar da aka ɗaga a kan ciko ta ratsa kwari, madatsa ce, sai fa in an bar wa ruwa isasshiyar ƙofa. Abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja a ranar 29 ga Mayun 2025 ya isa wa'azi. Rahotanni sun nuna ruwa ya taru a bayan cikon layin dogo saboda mafitarsa ta toshe, da cikon ya fashe sai ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba, mutane suna barci. Fiye da mutum 150 aka tabbatar sun rasu a kwanakin farko, ban da waɗanda ba a gani ba. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ƙaramin titin unguwa ba zai tara ruwa mai yawan haka ba, amma yadda abin ke faruwa ɗaya ne. Shi ya sa ƙaramin kwalbatin zobe da ake jefawa don a rage kuɗi yake da haɗari: katifa ɗaya ko reshen bishiya ya isa ya toshe shi. Masana ruwa sun san cewa in aka ninka faɗin bututu sau biyu, ruwan da zai iya ɗauka yakan ninku fiye da sau shida. Ƙarin kuɗin kaɗan ne in aka gwada da ƙarin amfanin. Inda ruwa ke da yawa, kwalbati mai kusurwa huɗu wanda mutum zai iya shiga da shebur ya yashe shi, shi ya fi. A kuma tsallaka ta inda kwarin ya fi siranta, sau ɗaya, a miƙe.

Ƙasar da ke ƙarƙashin titin ma tana da nata hukunci. Lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsuke ta tsage da rani. Kwaltar da aka shimfiɗa kai tsaye a kanta ba ta kai damina biyu sai ta fara faɗawa. Dole a kwashe lakar sama, a zuba dutse, a bi da marmara hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana dannewa da rola kafin a ƙara wani hawan. A wurin da ruwan ƙasa yake kusa, intalok yakan fi kwalta daɗewa, kuma in wani sashe ya zauna sai a ɗaga shi a gyara a mayar. Aikin ƙasa kuwa da rani ake yin sa, kuma ƙasar da aka haƙo a kwashe ta nesa. Ɗan kwangilar da ya tura ta cikin fadama don ya huta da kuɗin tifa ya ciko wurin ke nan ba tare da an ba shi izini ba.

Na san abin da mai fili zai ce, kuma maganarsa abin saurare ce. Ya sayi gona da kuɗinsa, kowace mita da aka bar wa ciyawa riba ce ta tafi. To amma ribar da ake samu daga cikon fadama bashi ce, kuma ba wanda ya ci ta ne ke biya ba. Mai biya shi ne malamin makarantar da ya tara albashin shekaru ya sayi fulotin ƙarshe, da mai lambun da ruwan rijiyarsa ya ja baya ko ya gurɓace, da unguwar da ke ƙasa wadda ba a ma shawarce ta ba. Addininmu ya hana cuta da cutarwa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan haƙƙin maƙwabci game da magudanar ruwa. Wanda ya karkatar da ruwa zuwa gidan wani ya ɗauki alhaki, ko da takardun filinsa sun cika.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana. A 1992 aka kafa dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, da dokar tsara birane. A 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan dausayi da gaɓar koguna da tafkuna, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su. A Kano akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA, kowace jiha kuma tana da irin tata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne isa wurin a kan lokaci. Jami'i yakan zo ne bayan gini ya kai linta, ya shafa jan fenti, daga nan sai rusau da kuka da zaman kotu. Da an je tun ranar da aka fara jan igiya, da turaku kawai za a matsar.

Saboda haka kirana ga hukumomin tsara birane shi ne su shata iyakar kowace fadama da kududdufin da ya rage, su kafa mata ginshiƙan da kowa zai gani, kada kuma su sa hannu a kan zanen unguwar da bai nuna inda ruwanta zai bi da inda zai tsaya ba. Masu unguwanni da dagatai, ku ne shaidun cinikin fili, kun kuma fi kowa sanin inda ruwa yake kaiwa, ku faɗi gaskiya tun kafin a biya kuɗi. Injiniyoyi matasa, ku tambayi masu lambu da masunta kafin ku buɗe kwamfuta. Kai kuma mai shirin sayen fili, kada ka biya ko sisi sai ka je wurin cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka taka shi da ƙafarka. Ka tambayi mai sayarwa faɗin titin da aka bari, da tsayinsa, da inda ruwansa zai zuba. In ya kasa ba ka amsa, ka riƙe kuɗinka.